Basasar Kano: Yaƙin da Muka Daina Ba 'Ya'yanmu Labarinsa

Jiya da yamma muka bi ta Ƙofar Na'isa ni da ɗan ƙanwata, wanda ya gama sakandare bana. Na nuna masa abin da ya rage na badala, na tambaye shi ko ya san Yaƙin Basasa. Ya ce, "Kawu, na Biyafara?" Wallahi har yanzu abin yana cina.

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya sa Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello sarki, alhali zukatan 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi, sarkin da Bello ya gada, suna kan ɗan'uwansu Yusufu. Suka fice daga birni suka tare a Takai. Harinsu na farko bai yi nasara ba, badala ta tsaya, kuma Tukur ya sa aka kashe da yawa daga waɗanda aka kama. A ganina tun daga nan ya fara rasa garin. Wanda aka kashe ɗan wani ne a cikin birni, surukin wani ne, almajirin wani malami ne. Ganuwa tana tare doki da kibiya, amma wa zai kwana a kanta yana gadi don sarkin da ya zubar da jinin ɗan'uwansa?

Yusufu ya rasu a Garko, ragama ta koma hannun ƙanensa Alu, wato Aliyu Babba. A 1894 Yusufawa suka shiga Kano, Tukur ya fita, aka cim masa a Tafashiya a 1895.

Abin da ya fi damuna shi ne idan ana wannan hira sunayen 'ya'yan sarki kaɗai ake kirgawa. Ina manoman da aka ƙone wa rumbu? Ina 'yantattun Musulmi da aka kama a ƙauyuka aka sayar, don kawai dagacinsu ya bi Tukurawa ko Yusufawa? Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta ji daga tata kakar cewa sun gudu cikin dare sun bar hatsi a gona, kuma akwai ƙanwarta da ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Na yi wa yaron alkawari ranar Asabar za mu je Takai. Malaman tarihi da ke karanta wannan, don Allah wanda zai iya raka mu ya yi mini magana.