Dai Jones, manomin da talabijin ta kasa raba shi da garke

Jiya a majalisarmu aka yi ta gardama kan wane ne gwanin gabatar da shiri, kowa na kawo masu ƙwalisa da iya lanƙwasa harshe. Ni kuwa wanda ya faɗo mini a rai wani manomi ne ɗan yankin Wales na Birtaniya, Dai Jones, wanda mutanensa ke kira Dai Llanilar, wato sun liƙa masa sunan ƙauyensu.

Na fara ganinsa ne lokacin da na zauna a garin Aberystwyth na Wales, a gidan wata tsohuwa da nake haya a wurinta. In aka sako shirin Cefn Gwlad a tashar S4C, talabijin ta harshen Welsh, to kada ka yi mata magana. Ko kalma ɗaya ta harshen Welsh ba na ji a lokacin, amma ido ba ya buƙatar tafinta: ga mutum ya jingina da ƙyauren shinge, takalminsa duk taɓo, yana hira da makiyayi har dattijon ya manta akwai kyamara. Sunan shirin ma ma'anarsa karkara. Sama da shekara 35 ya yi yana wannan yawo daga gona zuwa gona.

Abin dariya, a Landan aka haife shi, a 1943, inda iyayensa ke sana'ar madara. Tun yana ƙarami aka mayar da shi wurin dangi a karkarar Ceredigion, can ya tashi cikin shanu. Murya ce ta fara fito da shi. A 1970 ya ci babbar kyautar rera waƙa a Eisteddfod, bikin adabi da waƙa na ƙasar, daga nan aka ba shi Siôn a Siân, wani shirin wasan tambayoyi na ma'aurata. Amma duk wannan suna bai sa ya sayar da baƙaƙen shanunsa da tumakinsa ya koma birni ba. Shi ya sa in ya tambayi manomi yadda haihuwar tumaki ta kasance bana, manomin ya san mai tambayar ma ya sha kwana a garke cikin sanyi.

Na ji masu cewa irin shirinsa yana mayar da harshen tamkar na tsofaffi da tumaki. Ban yarda ba. A 1980 sai da Gwynfor Evans, wani jagoran siyasa na Wales, ya yi barazanar daina cin abinci har mutuwa kafin gwamnatin Birtaniya ta Thatcher ta cika alkawarin ba masu harshen Welsh tasha, aka buɗe S4C a ranar 1 ga Nuwamban 1982. To an samu tasha, wa zai kalla? Masu harshen a bakinsu tun daga nono suna can a tsaunuka da gonaki, kuma ba za su zauna wani ɗan boko ya riƙa gyara musu nahawu ba. Dai ya je musu da irin maganarsu, ya bar su suka yi ta da karin harshen yankinsu. Kalmomin noma da kiwo da ake gudun su bi masu su kabari, yanzu suna nan a naɗe.

Ba na cewa ya ceci harshen. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin sa sun ragu zuwa kusan 538,000, alhali a 2011 sun kai 562,000. Mutum ɗaya ba ya tare ambaliya da faifai.

Ya ajiye aiki a 2020, ya rasu a watan Maris na 2022 yana da shekara 78. Da na ji labarin, tsohuwar nan na tuna, da daren Lahadi, ta kara rediyo kusa da kunne tana sauraron Ar Eich Cais, shirin zaɓen waƙoƙi da gaishe-gaishen da yake yi a Radio Cymru, tana jira ta ji ko za a ambaci wani ɗan ƙauyensu.