Mu Ne Muka Ari Fegi Daga Turanci

Wannan bidiyon da ake ta yaɗawa, wanda wani matashi yake rantsuwa cewa daga Hausa Turawa suka saci kalmar peg, ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu ilimi suke tura shi gaba ba tare da sun bincika ba. Maganar ba ta da tushe. Mu ne muka ari kalmar, muka gyara ta daidai bakinmu ta zama fegi.

Kalmar tana rubuce a Ingila tun wajen shekarar 1440, da siffar pegge, tana nufin ɗan guntun icen da ake fiƙewa a kafa a rami domin a haɗa katako biyu ko a rataya wani abu, kuma masana asalin kalmomi suna danganta ta da tsohon harshen mutanen Holan. Sojojin Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka, kuwa sai a 1903 suka shiga Kano. Ta wace hanya kafintan Ingila zai ji kalmarmu fiye da shekaru 450 kafin nan?

Duk Bahaushe ya san yadda harshensa yake yi da harafin p na Turanci. Da haka muka samu fensir da famfo da fasinja da fasfo, kuma ta wannan ƙofar ce fegi ta shigo. Ma'aikatan safiyo ne suke kafa ƙananan turaku a kusurwoyin fili domin nuna iyaka, sai sunan turken ya koma sunan filin gaba ɗaya, har yau mutum yake cewa ya sayi fegi a bayan gari. Masu cewa ai Hausawa sun daɗe suna fatauci zuwa nesa, saboda haka kalmar tana iya bin ayari, ina roƙonsu su kawo rubutu ɗaya tak da ya nuna hakan. Muna da turke, muna da marataya, muna da ƙusa, ba mu rasa kalmomin kanmu ba, kuma aro ba abin kunya ba ne ga harshen da yake raye.

A can gidanta ma kalmar ta yi rassa da yawa. Da ita suke kiran turken tanti, da abin maƙale wanki a igiyar shanya, da ɗan icen da ake murɗawa a ɗaure tsirkiyar jita. A Indiya kuma ma'aunin barasa ce. Duk da wannan yawa, akasarin ma'anonin suna komawa ga abu guda, wato a kafe wani abu a wuri ɗaya kada ya motsa.

Ma'anar da ta fi shafar aljihunmu ita ce ta kuɗi, inda gwamnati take ɗaure darajar kuɗinta a jikin na wata ƙasa. Tun 1999 sefa take ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, riyal ɗin Saudiyya kuma yana kan 3.75 a dala tun 1986, abin da ya sa alhazai suke ganin farashinsa yana bin dala sau da ƙafa. Wannan ce ma'anar da nake so gidajen rediyonmu su zauna su bayyana wa ɗan kasuwar Maraɗi da na Kantin Kwari, domin su ne suke kwana da tashi da canjin naira da sefa.