Asabar da Lahadin malami ba na makaranta ba ne

Shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu, don Allah a daina mayar da ƙarshen makon malami rumbun zuba aikin da ofis bai tsara a kan lokaci ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yawancin aikin da ke cinye Asabar ba gaggawa ce ta kawo shi ba, rashin tsari ne.

Mu yi lissafi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare. Kowa ya san abin da ke cikin azuzuwanmu ya wuce haka. A ɗauka malamin Turanci yana da aji huɗu, kowane da yara 70. Takardu 280 ke nan a gwaji guda. In ya ba kowace takarda minti uku kacal, ya karanta, ya gyara, ya sa maki, minti 840 ne, wato awa 14. Ba a zo kan shigar da maki a rajista ba, ba a zo kan rubuta shirin darasin mako mai zuwa ba. To sai a ba da gwajin ranar Alhamis, a ce a kawo maki Litinin da safe. Ina awa 14 ɗin za ta fito in ba daga Asabar da Lahadi ba?

Ga inda kuskuren yake. Zangon karatu mako 12 ne ko 13, kuma tun ranar dawowa an san za a yi gwaji, a yi jarrabawa, a cike katin sakamako. Amma ba a liƙa ranakun a ofishin malamai sai abin ya matso. Sanarwa ta faɗo a WhatsApp daren Juma'a: gobe akwai taro ƙarfe tara. Malamin aji kuma shi ne ya fi shan wuya, don ba zai iya haɗa jimilla da fitar da na ɗaya da na biyu ba sai kowane malamin darasi ya miƙa nasa makin. Mutum ɗaya ya makara, aikin yara 70 ya tsaya, ya koma kan Lahadi.

Kuma aikin gajiya ba ya ɓoyuwa. A nan ake tsallake layi a sa wa Aisha makin Amina, a nan ake kuskuren tarawa, iyaye su zo da ƙorafi, a ɗora laifin a kan malamin da aka hana barci. Ranar Litinin ya shigo aji murya a shaƙe, ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa. Yaran ne suka yi asara.

Kada a manta, malamai da yawa suna koyarwa a Islamiyya, inda hutu yake Alhamis da Juma'a. Ga zumunci, ga ɗaurin aure, ga gona da damina. In boko ta karɓe Asabar, wani zai yi wata guda bai samu yini ɗaya cikakke da iyalinsa ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A fitar da jadawalin zango gaba ɗaya a makon farko, da ranar kowane gwaji da ranar karɓar maki, a bar aƙalla kwana biyar na aiki tsakaninsu. A ware wa kowane malami lokutan da ba ya aji don makin takardu, kuma kada a cike su da tsaron ajin wanda bai zo ba. Taron malamai a yi shi cikin mako bayan an tashi, a taƙaita shi. Darasin Asabar na masu zana WAEC da NECO yana da amfani, ban musa ba, amma a yi shi da yardar malami, a riƙa karɓa-karɓa, a biya shi kuɗin mota da ladan aikinsa daban. Wanda ya zo taron iyaye da malamai ranar Asabar kuwa, a rage masa wani nauyin a cikin mako, kuma a rubuta hakan a takarda tun kafin ranar taron.