Alhaji a Cikin Guga

Tashar Skyliner ce, wato abin hawa mai tafiya a kan igiya a sama, ta otal ɗin Pop Century, a wurin shaƙatawa na Disney World da ke jihar Florida, kuma a kan tafki aka dasa ta. Alhaji ya ɗaga kai sama har hula ta nemi faɗuwa.

Alhaji: Kai yaro, waɗannan akwatunan da aka shanya a igiya, kayan wa ke ciki?

Ɗan Boko: Mutane ne, Kawu. Shi za mu hau zuwa Epcot, ɗaya daga cikin wuraren wasannin Disney.

Alhaji: Ku da wa?

Jika: Wayyo, angona ya tsorata!

Alhaji: Ke amarya, kiyaye ni. Ni da na hau jirgin sama sau 17? Tambaya nake yi irin ta manya. Ina direban?

Ɗan Boko: Babu direba. Igiyar ƙarfe ce ke zagayawa, akwatunan sun riƙe ta.

Alhaji: Wato guga.

Ɗan Boko: A'a Kawu, a kimiyyance...

Alhaji: Abu ne a rataye, igiya na jan sa, ga ruwa a ƙasa. Ko a Amurka sunansa guga. Nawa ne kuɗin shiga?

Ɗan Boko: Kyauta ne.

Alhaji: Kyauta? A nan? Wurin da ko balan-balan yaro ya nuna da yatsa sai ka zare dala? To akwai magana. Ruwa ba ya tsami banza.

Hajiya: Alhaji, ka tare wa mutane hanya. In ba za ka iya ba ka koma ɗaki, za mu kawo maka hoto.

Abin da rarrashi bai yi ba, wannan magana ta yi. Alhaji ya tattare babbar riga, ya yi bismilla sau uku, ya faɗa ciki kamar mai tsallake kwata. Ƙofa ta rufe kanta. Akwati ya ɗan ja jiki, sai ya zabura ya yi sama.

Alhaji: Innalillahi! Wa ya rufe ƙofar?

Ɗan Boko: Ita ta rufe kanta. Ba za ta buɗe ba sai a tasha.

Alhaji: Madalla. Haka ya kamata. Dama abin da nake son in tabbatar ke nan.

Jika: Tsoho, dubi ruwa ta ƙarƙashinmu!

Alhaji: Na gani.

Jika: Ai idonka a rufe yake.

Alhaji: Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Jika: Ai mun wuce rimi tun ɗazu.

Ɗan Boko: Gaskiyarta. A wasu wuraren tsayin yana kai ƙafa 60. Gudunsa kuma mil 11 ne a awa ɗaya.

Alhaji: Wa ya tambaye ka?

Babu wanda ya tambaye shi. Amma shi ɗan boko, ilimi a cikinsa kamar atishawa yake, ba ya riƙuwa.

Ɗan Boko: Ka kwantar da hankalinka, Kawu. Kamfanin Doppelmayr ne na ƙasar Austriya ya ƙera shi, su ne gwanayen irin wannan a kan duwatsun ƙanƙara. Akwatunan sun kusa 300, kowanne yana ɗaukar mutum 10.

Alhaji: Mutum 10 irin wa? Irina ko irinka? Don ni da Hajiya mun cinye gurbin biyar.

Hajiya: Ka ji da kanka.

Alhaji: Kuma ku kunna mana na'urar sanyi, gumi ya jiƙa mini riga.

Ɗan Boko: Babu ita. Tagogi ne na shan iska, in ana tafiya iska na ratsawa.

Alhaji: In aka tsaya fa?

Ɗan Boko ya sosa ƙeya.

Alhaji: Ka gani ko? Mutanen ƙanƙara sun ƙera wa mutanen rana tukunya. Duk dalolin da muka zuba a otal ɗin nan, a ce iskar Allah ce za ta yi mana fifita.

A nan dai, a gaskiya, Alhaji bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya san zafin Florida a watan Yuli ba zai ce tsoro ne kaɗai ke sa dattijo gumi ba.

Suka sauka a Caribbean Beach, inda layuka uku suka haɗu. Alhaji ya taka ƙasa, ya gyara hula, ya dubi jama'a kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Alhaji: Shi ke nan? Wannan ai wasan yara ne. Ni da na hau jirgi sau 30.

Hajiya: Ɗazu 17 ne.

Alhaji: Ban lissafa da dawowa ba.

Ɗan Boko: Canji za mu yi, Kawu. Dogon layin yana gaba.

Akwatin da ya zo musu an lulluɓe shi da hoton Mickey Mouse tun daga sama har ƙasa. Hajiya ta manna fuska a gilashi.

Hajiya: Ni fa ban ga komai ba sai dishi-dishi. An ce a zo a sha kallo, an kuma liƙa mana ɓera a taga.

Jika: Ga can, Hajiya! Motoci!

Hajiya: Filin ajiye motoci ne. Ga wani can. Ga rufin gini. Wannan ne kallon da aka cika mu da labarinsa?

Alhaji: Ku ba ku iya kallo ba. Ni ina ganin komai sarai. Ga shuke-shuke, ga... ga sauran abubuwa.

Ido dai yana rufe. Hannun dama ya damƙe bencin, na hagu ya damƙe gyalen Hajiya, wai kada iska ta ɗauke mata.

Suna dab da tashar Riviera akwati ya yi ƙara, ya girgiza, ya rage gudu.

Alhaji: Mene ne wannan kuma?

Ɗan Boko: Ba komai, sakin igiyar ya yi.

Alhaji: Ya yi me?

Ɗan Boko: Haka tsarin yake. A kowace tasha yakan saki babbar igiya ya bi kan tayoyi a hankali don mutane su shiga, in zai fita ya sake kama ta.

Alhaji: In ya manta fa?

Ɗan Boko: Ƙarfe ba ya mantuwa. Ai a wannan tashar ce ma... a'a, bar shi.

Alhaji: Faɗi.

Ɗan Boko: An buɗe shi ran 29 ga Satumba, 2019. Ran 5 ga Oktoba wasu akwatuna suka yi karo a nan, layin ya tsaya, mutane suka yi kusan awa uku a sama da dare. Wasu sai 'yan kwana-kwana ne suka sauko da su.

Alhaji: Kwana 6! Ko suna ba a yi wa abin ba!

Hajiya: Kai ma dai, sai da ka bari muna ciki?

Sun fita daga tashar ba da nisa ba, sai akwati ya tsaya cak, yana lilo a hankali. Wata murya ta fito daga lasifika tana Turanci cikin fara'a, irin fara'ar nan da ke ƙara wa mutum faɗuwar gaba.

Alhaji: Me ta ce?

Ɗan Boko: Ta ce a yi haƙuri, yanzu za a ci gaba. Wataƙila mai keken guragu ake sakawa. Ko an daɗe ma akwai jakar gaggawa a nan ciki: ruwan sha, 'yar fitila, leda don uzuri, da takarda da abin rubutu.

Alhaji: Takarda da abin rubutu.

Ɗan Boko: E.

Alhaji: To su da suka ƙera sun san abin da suka sani. Hajiya, ki zama shaida. Motata a ba wa amaryata. Wannan yaron kada a ba shi ko tsinke.

Jika: Da wayarka, angona?

Alhaji: Dubi 'yar nema, har ta fara rabon gado! Kuma kada wani ya ce na ji tsoro. Wasiyya sunna ce.

Bai rufe baki ba akwati ya ci gaba. Duka-duka tsayuwar ba ta kai minti biyu ba.

Jika: Ga hasumiyar Faransa can!

Alhaji: Na san ta. Na hau ta ainihin a Paris, har ƙololuwa.

Hajiya: A ƙasa ka tsaya kana riƙe mana jakunkuna.

Alhaji: Ai dole wani ya tsare kaya.

Da suka sauka a Epcot, Alhaji ya zaro waya tun kafin ƙafarsa ta daina rawa, ya kira abokinsa, ya ɗaga murya yadda har Turawa suka waiwayo. Ya ce shi ne ya yi ta kwantar wa iyali da hankali, tsayin ya kai ƙafa 600, kuma mutumin da ya hau jirgi sau 40 ba ya jin irin wannan.

Da yamma hadari ya haɗo, aka fara walƙiya. Florida kuwa ba ta wasa da tsawa, kuma da an ga alamarta ake dakatar da Skyliner a kawo motocin bas.

Alhaji: Kash! An rufe? Ni da na ƙwallafa rai in sake hawa! Wallahi sun cuce ni. Kai yaro, je ka ce musu ban ji daɗi ba.

Ɗan Boko ya tafi, ya dawo yana murmushi.

Ɗan Boko: Albishirinka, Kawu. Sun ce hadarin ya wuce, yanzu za a buɗe.

Alhaji: Wa ya aike ka?

Ɗan Boko: Kai ne.

Alhaji: To koma ka ce musu su sake duba sama da kyau. Ni daga nan ina jin ƙanshin ruwa.