Gidan da ya yi kyau a waya, zai zaunu a Damagaram?

Mai niyyar gini a Damagaram yanzu ba ya gamsuwa da takardar taswira mai layi-layi. So yake a nuna masa gidan a waya, da fenti da fitilu da mota a bakin ƙofa, tun ba a haƙa tushe ba. Ɗan ci-ranin da ke aiko kuɗi daga Libiya ko Aljeriya shi ma haka, a turo masa hoto ta WhatsApp ya ga abin da guminsa zai zama. Wannan buƙata ce ta buɗe wa matasa sana'ar haɗa hoton gini na 3D, kuma sana'a ce ta gaske wadda nake goyon baya. Damuwata ita ce yawancin gidajen da ke cikin hotunan nan ba na garinmu ba ne.

Ku duba su da kyau. Gilashi daga ƙasa har sama, sau da yawa yana kallon yamma. Ciyawa kore shar, tafkin wanka a tsakar gida, sararin sama garau kamar ba a taɓa yin hazo ba. Wani lokaci har da Baturiya tana jan kare a gefen katanga. Duk wannan a garin da unguwanni da dama ke sayen ruwa a jarka wurin ƴan ga-ruwa, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Dalilin a fili yake: itatuwa da kujeru da mutanen da ke zuwa cikin manhaja an shirya su ne don kasuwar Turai da Amurka, darussan YouTube ɗin da yaro ya koya da su ma daga can suke. Abin da ya tarar ya ɗauka ya liƙa.

Tambayar da matasa suka fi yi ita ce wace manhaja za a koya. Amsar ba ta da tsawo. AutoCAD ko ArchiCAD ko Revit don taswira mai awo, SketchUp don tayar da siffar gini da sauri, sannan Lumion ko Twinmotion ko V-Ray don saka haske da launi. Blender kyauta ce ga kowa, Twinmotion ma kyauta ce ga wanda cinikinsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, saboda haka hujjar ɗora manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta ta ragu ƙwarai. Tsadar tana wajen kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi, da kuma batirin da zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanke hoto. Mai himma zai iya waɗannan maɓallai cikin ƴan watanni.

Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin gini da sanin wuri, kuma abin takaici manhajar na da kayan aikin, ba a taɓa su ne kawai. A SketchUp ana iya saka inda fili yake a doron ƙasa, a zaɓi wata da sa'a, a ga inda inuwa za ta faɗa. Damagaram na wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta arewa da tsakar rana, sauran shekara ta kudu. Nuna wa Alhaji falonsa da ƙarfe uku na yamma a watan Mayu, rana na zuba ta gilashi har kan kujera, ya fi masa amfani a kan hoton faɗuwar rana mai ruwan zinariya. Tsofaffin magina ba su da kwamfuta, amma sun san hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa, shi ake ƙara wa yaɓe. Sun san abin da ya sa taga ke zama ƙarama kuma a sama, sun san nisan da indararo zai yi da bango, sun san zaure ne ke raba baƙo da cikin gida. Mai haɗa hoton da bai taɓa wuni a wurin gini yana tambayar magini ba, zai zana ƙofar gida tana kallon ɗakin uwargida kai tsaye, bai ma lura ba.

Ga kuma Birni, tsohuwar unguwar garin, a gabanmu, da fadar Sarkin Damagaram da gidajen ƙasa masu zanko da dagi a fuska. Tun 2006 tsohon garin ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a saka su cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya bi lungunan Birni da Zango da kyamara, ya tara hotunan makuba da azara da launin jar ƙasarmu ya mayar da su kayan aiki a kwamfuta, ya mallaki abin da takwaransa na Dubai ba shi da shi. Mariam Issoufou, ƴar Nijar, kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa a Amurka kafin ta koma zanen gine-gine. Aikin da ya fito da sunanta a duniya shi ne na Dandaji a jihar Tawa, wanda aka kammala a 2018, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse.

Na san abin da za a ce: mai kuɗi gidan Dubai yake so, yaro kuwa abinci yake nema. Gaskiya ne, kuma ba laifi a ba shi abin da ya nema. Amma a ba mai kuɗin hoto biyu, na gidan Dubai da na gidan da ya dace da garinmu, a faɗa masa abin da na'urar sanyaya ɗaki za ta ci a kowanne. Ɗan kasuwar Damagaram ya iya lissafi. Banda haka, kyakkyawan hoto zalla ya fara araha, tunda manhajojin ƙirƙirarriyar basira na fitar da katafaren gida cikin daƙiƙu ga duk mai waya. Abin da ba sa bayarwa shi ne gidan da ya yi daidai da awon filinka da alƙiblarsa da kuɗin aljihunka, kuma nan ne kuɗin aiki zai koma.

Akwai wani haɗari da ya fi batun kyau. Hoton 3D ba ya faɗin kaurin rodi, ko zurfin tushe, ko yawan simintin da ginshiƙi ke buƙata. Amma ana samun masu ɗaukar hoton kawai su miƙa wa magini, a ce a tayar da bene haka. Matashin da ya haɗa hoton ya kamata ya faɗa da bakinsa cewa aikinsa ya tsaya a nan, sai an nemi mai zanen gini da injiniya masu rajista. Wanda kuma ke son sa hannu a taswira da kansa, sai ya yi karatun; makarantar koyon zanen gine-gine ta EAMAU da ke Lome a Togo, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, na ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawa.