Olsa da canza maganar likitoci

Ana yawan cewa wai su masu binciken kimiyyar nan ba su da tsayayyar magana, yau su ce kaza gobe su warware. Gaskiya ne suna warwarewa, kuma ni a wajena dalilin da ya sa ma ya kamata a saurare su ke nan.

Mu ɗauki olsa, tunda da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai kuka da ita ba. Shekara da shekaru likitocin duniya sun tafi a kan cewa damuwa da yawan asid ne ke kawo gyambon ciki, a ba mutum madara da maganin rage asid, ya ɗan samu sauƙi, bayan 'yan watanni abu ya dawo ɗanye. An kuma yi ittifaƙi cewa ba ƙwayar cutar da za ta iya rayuwa a cikin tumbi saboda tsabar asid ɗin wurin. Sai wani likita a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren, ya riƙa ganin wasu lanƙwasassun bakteriya a ɗan naman cikin marasa lafiya da ake kawo masa dubawa. Shi da wani matashin likita, Barry Marshall, suka samu suka raine su a ɗakin gwaji a 1982, manya suka yi musu kunnen uwar shegu.

A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ƙwayoyin ke ciki ya kwankwaɗe abinsa. Cikin 'yan kwanaki amai ya taso, baki na wari, aka zura masa kyamara ta maƙogwaro aka ga fatar tumbin ta kumbura. Duk da haka ba a sallama ba, sai da wasu likitocin a wasu ƙasashe suka gwada antibayotik a kan masu olsa suka ga ciwon ya daina dawowa. A 1994 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta amince da maganin, a 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Wani zai ce to ai ga shi nan, an yi shekara goma ana take gaskiya. Akwai girman kai a ciki, ban musa ba. Amma masu ja ɗin ma suna da hujja, kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya ta H. pylori kuma yawancinsu lafiyarsu ƙalau, sannan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da diclofenac da muke saya a kemis muna haɗiya ba lissafi su ma suna huda ciki. Dole a tsaya a tantance.

Yanzu kwatanta da mai maganin bakin tasha da lasifikarsa, kwalba ɗaya ta olsa ce ta basir ce ta taifot ce ta sanyi ce. Bai taɓa canza magana ba, don ba wanda ya taɓa bin waɗanda suka saya ya ƙirga nawa suka warke nawa suka ƙare a asibiti.

Duk wanda olsa ta daɗe tana wahalar da shi ya tambayi likita gwajin H. pylori, ana yinsa da bayan gida ko da numfashi, in an same ta maganin na kamar sati biyu ne.