Hular da na fito da ita a jirgin Kaduna

Jama'a ku yi min haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo. Tun da na dawo daga Zariya maganar nan take cina a rai, kuma na san a cikinku akwai matan da suka iya riƙe allura amma suka tura ta can ƙasan akwati.

Shekarata tara a Kubwa. A duk tsawon lokacin nan ban san mace ko ɗaya a layinmu da ke ɗinkin hula ko saƙar kwarashi ba. Ashe akwai su, daga baya na gano, kowa dai ta ja ƙofarta ta rufe ne, kamar yadda ni ma na yi. In zarena ya ƙare sai in shiga Kasuwar Wuse in bi layin masu kayan teloli. Mutanen kirki ne, amma hajarsu ta masu keke ce: zif, maɓalli, almakashi, zaren keke. In na ce zaren hula nake nema sai a yi ta tura ni gaba, wani lokaci in samu, wani lokaci in dawo gida da gajiya kawai.

Watan da ya wuce aka yi haihuwa a danginmu a Birnin Zariya. Na shiga jirgin ƙasa a tashar Kubwa, wanda ke tasowa daga Idu ya sauke mutane a Rigasa. Daga Idu zuwa Rigasa kilomita 186 ne, awa biyu da wani abu, daga nan kuma a nemi mota zuwa Zariya. Na sa wata hula da na fara wa maigida a jaka, ban ma yi niyyar fito da ita ba, don kunya nake ji a ganni ina ɗinki cikin mutane masu kwamfuta a cinya. Sai da muka wuce Jere, ido ya gaji da waya, na ce bari dai in ɗan yi layi biyu.

Ban kai ƙarshen layin farko ba dattijuwar da ke gefena ta miƙo hannu. "'Yata, ba ni in gani." Na ba ta. Ko kallon fuskar hular ba ta yi ba, juya ta ta yi tana duba bayanta. Duk wadda aka koya wa ɗinki a gida ta san ma'anar wannan, don a bayan aiki ake gane hannu. Ta ce, "Hannunki na da tsabta, amma kina jan zaren da yawa, shi ya sa yadin ke tattarewa. Wa ya koya miki?" Na ce kakata, a Jos. Ta ce Allah ya jiƙanta ko ya ƙara mata lafiya. Na ce ta rasu, Hajiya. Muka yi mata addu'a tare.

Daga nan hira ta ɓarke. Wata matashiya a kujerar gaba ta juyo, 'yar Borno ce, ta ce a wajensu yarinya kan fara hula tun kafin ta iya dafa tuwo, ta nuna min inda zan riƙa ƙirga idon yadin don kada zanen ya karkace. Wani dattijo mai farar gemu a ɗaya gefen ya sa baki, ya ce mahaifinsa da ɗinkin aska takwas, wato zanen babbar riga, ya ciyar da su, da hannu, a zauren gidansu, rigar da za ta ci watanni kafin a kai wa masu bugu. Ya ce shi boko ya yi, bai koya ba, kuma har yau abin na damunsa.

Akwai wani wuri a hanyar nan, tsakanin Katari da Rijana, da taragon kan yi tsit. Kowa ya san dalili. A can ne aka kai wa jirgi hari ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji, jirgin bai dawo aiki ba sai a Disambar shekarar. Duk lokacin da na bi ta wurin ƙirjina bugawa yake. Ranar nan ma ya buga. Amma hular na hannun Hajiya tana nuna min yadda ake sassauta zare, bakinta na salati a hankali, ni kuma idona na kan yatsunta. Haka muka wuce.

Kafin mu isa Rigasa na samu abin da shekara tara a Abuja ba su ba ni ba. Hajiya ta kwatanta min inda zan sami zare a Kaduna in na shiga Kasuwar Barci, ta kuma kwatanta min wani ɗan shago a cikin Birnin Zariya: ki bi ta lungu kaza, ki wuce masallaci, ki tambayi mai zaren masu riga. Babu allo, babu suna a ƙofa, babu shi a taswirar waya. Da na je na same shi kamar yadda ta faɗa, ɗaki ɗaya, zare kala-kala tun daga ƙasa har rufi, allurai manya da ƙanana, da farin yadin hula wanda an riga an yi masa zane. Na tambayi zaren tsamiya, ya yi dariya ya ce sai an sa an nemo, kuma da tsada. Yawancin abin da ke shagon daga waje ake kawo shi, galibi daga Sin. Na tuna masaƙun Kakuri a Kaduna, ɗaya da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, babbar ma ta bi bayanta a 2007. A ƙasar auduga muke, amma zaren da muke ɗinka hularmu da shi sai ya ƙetaro teku.

Mai shagon ne ya sa yaro ya raka ni wani gida. Abin da na gani a tsakar gidan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Mata bakwai a kan tabarma, riga ɗaya shimfiɗe a cinyar biyu daga cikinsu, sauran kowa da nata aikin, yara na ta shige da fice. Uwar gidan ta ce min a da ɗinkin babbar riga aikin maza ne, da maza suka koma keke sai mata suka karɓa a cikin gida. Babu wadda ke ba da darasi a wurin. Yarinya 'yar shekara tara tana zaune tana zura wa manya zare a allura, tana kallo, kuma haka za ta iya. In wata ta yi kuskure ta kusa da ita ta gani ta ce warware. A nan ake jin wa ke sayar da zare mai zuba, wane dillali ke biya a kan lokaci, wa ke neman wadda za ta ƙarasa masa aiki kafin Salla.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu ba za su yarda ba. Ana yawan cewa keke da injin kwamfuta ne suka kashe ɗinkin hannu. Ni ban gamsu ba. Har gobe mai kuɗi in zai yi hawan Salla ko ɗaurin auren 'yarsa aikin hannu yake nema, kuma ku dubi kawunan manya a Abuja, hulunan zanna bukar da kube ne a kai. Masu saye suna nan. Abin da muka rasa a birane shi ne tabarmar nan. Sana'ar allura ba a koyonta daga mutum ɗaya a ɗaki rufe, a zaman tare take yaɗuwa, kuma mu da muka zo Abuja muka shiga gidaje masu katanga da waya a sama, mun bar zaman a garuruwanmu. Na kalli bidiyon koyon ɗinki a YouTube ba adadi. Babu wanda ya taɓa juya bayan hulata ya ce min ina jan zare.

A Jos na tashi, a Gangare. Sanyin garin kansa ke sa mata saƙa. Da la'asar kakata da maƙwabtanta za su fito da kwarashi da zaren ulu, ana hular jarirai da safa da rigar sanyi, Musulmi da Kirista a tabarma ɗaya. Zaren kuwa daga babbar kasuwar Taminus ake sayo shi, kafin gobarar 2002 ta cinye ta. Kakata kan ba mu labarin jirgin zamanin da, wanda ke bi ta Kafanchan, a kwana a hanya kafin a kai Kano. Ta ce takan fara rigar jariri a Jos ta sa mata maɓalli kafin a sauka, kuma ba ta taɓa sauka ba tare da ta yi sabuwar ƙawa ba. Ina yarinya na ɗauka labari ne kawai.

Abu ɗaya kuma da ke ɓata min rai. A nan Abuja, a sansanonin Durumi da Kuchingoro, akwai matan da rikici ya koro daga Borno, da yawansu da ɗinkin hula suke ciyar da 'ya'yansu. Hula ɗaya mai kyau takan ci sati biyu, wata har wata guda, ido na kan yadi tun safe. Sai ka ga mai babbar mota ya tsaya yana taya ta kamar tumatir. Yallaɓai, don Allah, in ka san ba za ka iya zama awa ɗaya da allura ba, ka biya abin da aka ce maka.

Da na dawo na ƙwanƙwasa ƙofofi uku a layinmu, ƙofofin da ban taɓa shiga ba sai gaisuwa daga nesa. Biyu sun iya kwarashi, ɗaya tana son koya. Asabar ɗin da ta wuce bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a barandata, matashiyar nan 'yar Borno ma ta zo daga Lugbe, don mun karɓi lambar juna tun a Rigasa. Ita ta sa na warware layi huɗu na hular maigida. 'Yata ƙarama ce ta zura mana zare. Wannan Asabar ɗin ma za mu zauna in Allah ya kai mu, duk wadda ke kusa da Kubwa ta yi min magana ta akwatin saƙo, ta zo da allurarta, zare akwai wanda na sayo a Zariya.